Ƙudan Kubus

A gidanmu ba a san ni da haƙuri ba, da waya aka san ni. Kafin mutum ya gama faɗuwa na riga na ɗauke shi hoto, kafin ya miƙe na tura gurup ɗin gida. Umma takan ce da ana ba da digiri a danne-danne, da tuni na gama na huta. Ina aji biyu a jami'a a nan Doha, injiniyanci nake karantawa, muna zaune a Al Rayyan, Abba yana koyarwa.

Kawu kuwa ƙanen Umma ne, direban bas ɗin kamfani. Kullum da sassafe ya kwashi ma'aikata daga Mansura ya zube su a West Bay, da yamma ya kwaso su. Shekararsa tara a Doha, huɗu a bas ɗin nan. Su Umma 'yan Yauri ne, gidan masunta tun kakanni, irin gidan da yaro ke koyon tuƙa kwalekwale kafin ya iya ɗaura wando. To ka ji inda matsalar take. Ɗan gidan masunta, shekara tara a bakin teku, bai taɓa kama kifi ko guda ba.

Ba wai bai iya ba ne fa. Ba shi fatsa da tana ka sha kallo. Wata jaraba ce ta kama shi. Kafin ya koma bas, wani dattijon Bature ya yi wa tuƙi, injiniya, wanda duk Juma'a sai an kai shi bakin ruwa ya tsaya yana kaɗa wata doguwar sanda. Da zai koma ƙasarsu sai ya bar wa Kawu sandar, da igiyarta mai kauri kamar taliya, da ɗan ƙarfen da ake matse ƙugiya a ciki, da wani akwati. Irin wannan sun ba a sa tana, ba a sa komai mai rai. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaurawa a jikin ƙugiya har ta yi kama da abin da kifi ke ci. Baturen yana kiran abin da sunan ƙuda a yarensu, sai Kawu ya fassara kansa tsaye. Ƙuda. Sunan ya zauna.

Na taɓa tambayarsa, na ce, “Kawu, shi ogan naka yana kamawa?”

Ya ce, “A gabana dai ko ɗan tsako. Sai labarin wani kifin ƙasarsu, wai kaf, mai ƙiba, mai shegen tsoro. Ya ce biya ta nan ita ce 'yar'uwarsa.”

Biya kifi ne na nan, dogo, fari tas kamar azurfa, yana yawo garke-garke a ruwa marar zurfi. Shi Kawu ya ƙwallafa rai a kai. Wato dai gado biyu Baturen ya bar masa, sanda da rashin sa'a.

Ni kuwa ta gurup ɗin gida na san zafin abin. Duk Juma'a yayansu, Kawu Babba, wanda har yau a kogi yake kwana yake tashi, sai ya turo hoton giwan ruwa ya rungume ta kamar jaririya, sannan ya biyo da saƙon murya.

“Baturen Yauri, an wuni lafiya? Yau me aka kamo, iska ko rana?”

Gurup ya ɗauki dariya. Ni ma ina ciki, kar in yi ƙarya, ni ne ma mai haɗa sitika. Kawu kuwa sai dai ya tura hannu biyu na addu'a.

Sai ga shi wata Juma'a ya zo cin shinkafar Umma, ya gama, ya wanke hannu, ya ce kamfani ya ce kwantiragi ya ƙare. Halas, shi ke nan. An ma yanki tikiti, saura sati uku da 'yan kwanaki. Ya faɗa kamar yana ba da labarin cunkoson hanya. Ya ce shi komawa gida ba ta dame shi ba, dama ya gaji da ganin 'ya'yansa ta waya. Sai da Umma ta shiga kicin ya matso kusa da ni.

“Injiniya.” Haka yake kirana in zai tsokane ni. “Juma'a uku suka rage min. Ka raka ni ka riƙe waya. Ko ɗaya ne in kama da ƙudan da na ɗaura da hannuna, ka ɗauka, ka tura wa Yaya. In na sauka Yauri hannu biyu, har in mutu sunana Bature.”

Yana dariya ya faɗa, amma idonsa ba dariya a ciki. Na ce, “Kawu, an wuce wurin. Kai dai kamo, ɗauka tawa ce.”

Juma'ar farko bayan asuba muka ari motar Abba muka nufi Al Thakira, can arewa, inda wasu bishiyoyi ke tsirowa a tsakiyar ruwan gishiri. Lokacin sanyi ya fara shigowa, iska mai daɗi. Muka tsaya a wata baƙala, ɗan kantin unguwa, muka sayi shayin karak da ledar kubus, burodin nan mai faɗi. Da muka isa ruwa yana shigowa a hankali, ba igiya ba hayaniya, kamar an zuba shi a faranti.

Ya buɗe akwatin. Yasin sai da na ce kai! Fara ce ga ta nan har da ƙafafu. Ga mazari. Ga gina, garar nan mai tashi, jere reras, fukafukan da gashin zabo, wanda ya sa aka kawo masa tun daga gida. In ka ajiye ɗaya a tabarma kaza sai ta kai mata sara.

Ya ce, “Ka san in ruwan farko ya sauka a Yauri, gina ta fito, kogi har tafasa yake. Ba kifin da ke ƙin gina.”

Ya naɗe wando ya shiga ruwa zuwa gwiwa. Ban taɓa tsayawa na kalli yadda yake jifa ba sai ranar. Sanda ta yi baya, igiya ta miƙe a iska, ya ɗan dakata kamar mai jiran liman, sannan ta dawo gaba ta kwanta a kan ruwa ba ko ƙara. Abin ya haɗu, ba ƙarya. Na ɗauki bidiyo ya fi goma. Ga biya nan kuwa, ana ganin bayansu, su zo su wuce ginar Kawu kamar ba su san Allah ya yi ta ba. Ɗaya ma ta zo ta shinshina, ta juya abinta. Raini ƙarara.

Wajen awa biyu haka. Na gaji na zauna a kan dutse ina cin kubus, ina latsa waya. Gefen da ya bushe na gutsura na wurga a ruwa, haka siddan. Kan ka ce me, wurin ya yamutse. Bakuna ko ta ina, caf, caf, caf, har suna ture juna.

Na miƙe ina ihu. “Kawu! Kawu, kubus suke so!”

Ko waiwayowa bai yi ba. “Sannu da bincike, Injiniya. Wa bai san suna cin kubus ba? Duk leburan da ke zuwa nan shi suke watsa musu.”

“To ka sa a ƙugiya mana!”

“In kubus zan sa, me ya kai ni shekara huɗu ina ɗaure-ɗaure? Wannan ai ha'inci ne. Kuma jifa ɗaya zai fice.”

“To a ɗaura ƙudan da ya yi kama da kubus.”

Sai a nan ya juyo, ya kalle ni kamar na zagi wani babba. “Kubus ƙwaro ne? Ƙuda aka ce maka. Ƙu-da.”

Nan fa yatsa ya yi aikinsa. Ban kai minti ɗaya ba na nemo. Ashe su masu abin ba ruwansu da ƙwaro. Duk abin da ka ɗaura a ƙugiya da zare, ko kamar ɗan kifi ne, ko jatan lande, ko gutsuren burodi, sunansa ɗaya a wurinsu. Har na samo wani yana kama kaf ɗin nan na ƙasar ogansa da wani farin dunƙule kamar lomar burodi. Na shiga ruwa da takalmina na kai masa.

Ya sa tabarau ya kalla. Ya ce in mayar baya. Ya sake kalla. Sannan ya dubi bishiyoyin, ya dubi sama wadda ko gajimare babu.

“Ƙasar da ba a ruwan sama,” ya ce a hankali. “Ina suka taɓa ganin gina? Shekara huɗu ina yi wa Larabawa tallan abincin Yauri.”

Na so in ƙunshe dariyar, ta ƙi. Shi ma ya fashe, har sandar na rawa a hannunsa.

Ranar Talata ba ni da lacca da yamma, na hau metiro na sauka Mansura. Ɗakinsu su huɗu ne, gado sama da ƙasa, kowa ya zagaye nasa da labule. A kan akwatin ƙarfe Kawu ya kafa ɗan mamatsinsa. Muka fara da audugar goge kunne. Ta yi kyau a ido, amma da muka jefa a bokiti sai ta sha ruwa ta nutse kamar dutse. Muka yanko soson katifa, shi kuma ya tsaya cir a sama kamar jirgi, ko makahon kifi ba zai ɗauka kubus ba ne. Kubus in ya jiƙa rabi yake nutsewa, rabi a waje, yana ɗan lilo. Da soson muka je Juma'a ta biyu. Muka watsa kubus, suka cinye tas, suka bar mana namu shi kaɗai yana yawo. Da yamma saƙon Kawu Babba ya shigo.

“Baturen Yauri, in aiko maka da banda ne ka riƙo a jirgi, kar a ce ka dawo haka?”

Ranar ban haɗa sitika ba.

Na koma Mansura ranar Laraba. Na tarar da shi ya fara haɗa kaya, katan biyu an naɗe da igiya. Yana zaune a bakin gado da ɗan matashin kansa a cinya, wani ƙarami mai rigar atamfa da ta koɗe. Inna ce ta ɗinka masa, kakarmu, lokacin da zai taho. Duk gidajen da ya zauna a Doha da shi yake yawo.

Ya ce, “Injiniya, a makarantarku an koya muku abin da ruwa ba ya ci?”

Na fara jero masa su roba. Ya girgiza kai.

“Akwai rimi a bayan gidanmu. In ya fashe, audugarsa ta faɗa kogi, muna yara mukan bi ta da kwalekwale tun safe har la'asar, ba ta nutsewa.” Ya ɗan matsa matashin. “Da shi Inna ta cika wannan.”

Na ce, “Kawu, za ka farke?”

“Ɗinki uku kawai. In ta tambaya, kai ne.”

Ya sa reza ya tsinke bakin. Ya zaro ɗan kaɗan, ba fari fat ba, ruwan madara-madara, daidai kalar cikin kubus. Na ce ta fashe! Sai dai rimi ba ya son wargi. Santsi gare shi, ga rashin nauyi, kana saki iskar esi ta ɗauke shi. Dole muka kashe esi. Wani maƙwabcin gadonsa, ɗan Sudan mai gadi da ya kwana a aiki, ya leƙo ta labule yana gumi.

“Ya sadik, lafiya? Gasa mu za ku yi?”

Kawu ya ce, “Minti goma, don Allah. Abincin kifi muke dafawa.”

Mutumin ya kalli ƙugiya, ya kalli matashi, ya ce la haula, ya ja labulensa.

Na ce a ba ni in gwada, ai yatsuna sun fi nasa sauri. Shaf-shaf na naɗa, zare ya tsinke. Na sake, rimin ya zame ya taru a gindi kamar gemun bunsuru. Na uku ƙugiya ta soke ni.

“Shwayya shwayya, a hankali,” in ji Kawu. “Ba saƙo kake turawa ba.”

Ya karɓa. Ya goga wa zaren kakin zuma, ya ɗan lashi yatsa, ya ɗauki rimi kamar ƙwayar gero biyu, ya murza a jikin zaren har ya kama. Ya zagaya sau ɗaya, ya tsaya, ya gyara da farce, ya sake. Bai matse ba, ya bar shi buzu-buzu, ya bi da almakashi yana rage gefe ɗaya ya bar ɗayan, wai ba a gutsurar kubus daidai. Ni da ban iya minti biyu ban taɓa waya ba, sai da ya gama guda huɗu na tuna tana aljihuna. Muka jefa ɗaya a bokiti. Ta nutse rabi, ta tsaya, tana ɗan lilo. Muka kalli juna. Ya ɗauko allura ya mayar da ɗinkinsa uku.

Juma'ar ƙarshe mun riga rana isa. Ruwa ya fara cika, wasu fararen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsaye can nesa. Ni ne mai watsa kubus, kaɗan-kaɗan, don kar su ƙoshi. Waya na rataye a wuyana cikin shiri. Garken ya zo. Kawu ya jefa, ƙudan ya sauka a gefe, suka watse. Muka jira suka dawo. Ya sake, wata ta kai baki, ya fizga da wuri, ta tafi. Ya ce astagfirullah, ya sauke numfashi. Ta biyu ma haka. Rana ta fara zafi, kubus saura rabin guda.

Na ce, “Kawu, shwayya shwayya. Ba bas kake ja ba.”

Ya harare ni, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Ya sake jefawa a tsakiyar gutsattsarin. Wallahi ni kaina na kasa gane wanne ne namu. Sai wani baki ya ɓullo, ya tsotse ɗaya a nutse. Kawu bai motsa ba. Ɗaya, biyu. Ya ɗaga sanda.

Igiya ta miƙe, faifan naɗe ta ya ɗau ƙara, ruwa ya tsage. Ni dai ban san sanda na faɗa ruwa ba, ina ta “Yalla Kawu! Yalla! Kar ka sake ta!” Shi kuwa ya bar ta ta gudu, ya jawo, ta sake gudu, ya bi ta taku biyu. Fuskarsa ta koma irin ta Kawu Babba a hoto. Ba mu zo da komar ɗebo kifi ba, don ba wanda ya yi tunanin za a kai nan. Da ta gaji ta matso, ni na tare ta da hannu biyu na tura masa, ya kama ta a bayan kai, ya zare ƙugiyar. Tsawonta ya kai daga gwiwar hannunsa zuwa yatsu, tana ƙyalli, bakinta na buɗewa yana rufewa.

“Ɗauka, Injiniya! Ɗauka!”

Na cafko waya. Hannuna sharkaf da ruwan gishiri da yauƙin kifi. Na danna, ta ƙi. Na goga a riga, rigar ma a jiƙe. Na danna, ta buɗe min kalkuleta. Ni! Ni da ban taɓa rasa faɗuwar kowa ba! Na hura, na goga a gashin kaina, kyamara ta buɗe, na ɗaga, daidai lokacin biyar nan ta yi wani irin murɗawa, fit, ta bar hannunsa. Ƙyas.

Abin da na samu shi ne Kawu tsaye a ruwa, hannu biyu a buɗe ba komai, baki a buɗe, ruwa na ɗiga.

Na ji kamar in nutse in bi ta. Na ce, “Kawu, ka yafe min. Wallahi yatsana ne.”

Ya kalli inda ta bi har ruwan ya kwanta. Sannan ya dubi hannunsa, ya daɗe yana kallo, sai ya ce, “Busar da hannunka da kyau. Zo ka ɗauki wannan.”

A tafin hannunsa ɓawon kifin ne guda biyu manne, kowanne ya kai faɗin farcen babban yatsa, suna sheƙi. Na ɗauka kusa-kusa, da ƙudan rimin a gefe, ya jiƙe ya kwanta.

Na ce, “Wa zai yarda da wannan?”

“Kai ba za ka yarda ba, ɗan Al Rayyan. Tura wa Yaya.”

Na tura duka biyun, ban rubuta komai ba. Muka fito muka zauna a kan dutse, muka raba sauran kubus ɗin da karak da ya huce. Ya ƙi kallon wayar. Ni kuwa idona na kai. Aka gani. Shiru. Har muka naɗe igiya, muka kama hanya. Mun kusa shiga gari saƙon murya ya shigo, na sa a sifika.

Kawu Babba ya yi gyaran murya. “Na buɗe hoton nan da kyau. Wannan ɓawon ba na kasuwa ba ne, da yauƙinsa, na mai rai ne. Kuma daga kafaɗa ya fita, wato a bayan kai ka riƙe shi, yadda Baba ya koya mana. Kifin nan ya kai kamu guda. Ka kama, ƙanena. Na shaida. Amma ka bari ya kuɓuce, wannan kuma sai ka zo mu yi shari'a. Shi wannan farin abin na gefe mene ne? Ka taho min da biyu.”

Kawu yana tuƙi, idonsa a kan titi, hannu biyu a sitiyari kamar yana ɗauke da ma'aikata hamsin. Ya ce in sake sa masa. Na sake. Sai a karo na biyun muka ji wata murya can baya, siririya, ta Inna, tana tambaya wai wane farin abu.

Ya ce, “Injiniya, rubuta masa rimin bayan gida ne.”

“In ce daga ina aka samo?”

“Ka ce kai ka farke.”

Na rubuta, na ƙara da cewa ƙarya yake min. Ba a yi minti biyu ba wani saƙon ya shigo, wannan karon Inna ce da kanta, ta kanga baki da wayar sosai har muryar na fashewa. Ta ce kar ya kuskura ya baro mata matashi a ƙasar mutane, ya zo da shi ta ƙara masa rimi, dama ta san audugar ciki ta isa ta kwanta.

Ranar Talata muka kai shi filin jirgi. Sandar tana cikin bututunta a kafaɗarsa, matashin a jakar hannu. Ƙuda biyu na Kawu Babba, ɗaya nasa. Na huɗun da ɗan mamatsin ya bar min, da rimi cikin ledar magani, wai in gwada in ga ko yatsun nan suna da wani amfani. Na ɗaura goma sha ɗaya zuwa yanzu. Biyu sun yi kama da kubus.